Matsayin Tsirkiya a Nazarin Waƙar Baka: Sharhi Daga Wani Kiɗan Goge na Falanko

0. Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wani kundin neman digiri na biyu da aka ba mu mu duba. Ɗalibin ɗan ƙasar Damargu ne. Ya je wani ƙauye na karkarar Falanko, cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram, ya naɗo wasan wani tsohon mai goge da masu ƙwarya biyu a daren wani biki, bayan an gama yankan hatsi. Ya rubuta ɗiyan waƙar tsaf, ya fassara su da Faransanci, ya fitar da jigo da salo da zubi da tsari kamar yadda muka koya masa. Amma duk inda muryar ta tsaya gogen ya ci gaba shi kaɗai, sai ya sa kalma guda cikin baka: kiɗa. Da muka saurari faifan da kanmu, sai muka tarar wuraren da aka rufe da wannan kalma guda sun fi rabin tsawon wasan.

Laifin ba na ɗalibi ba ne, namu ne mu malamansa. Mun saba ɗaukar waƙar baka tamkar rubutacciyar waƙa ce da ba a kai ga rubutawa ba, mu tsamo kalmomi mu bar sauran. Wannan hanya tana iya wucewa in ana nazarin makaɗin fada mai ƴan amshi da yawa, wanda nauyin aikinsa ke kan baiti da kirari, ko da yake can ma da hasara. A wajen makaɗin tsirkiya, wanda yakan zauna shi kaɗai ko da mutum biyu ko uku, hanyar tana jefar da aikin kansa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne tsirkiya tana ɗauke da wani sashe na maganar, wani lokaci ma sashen da ya fi muhimmanci, don haka hukuncin da aka yanke wa irin wannan makaɗi bisa kalmominsa kaɗai ba cikakken hukunci ba ne. Ba mu ambaci sunan mai gogen ba, domin ba a nemi izninsa a kan haka ba.

1. Kayan da ake magana a kansu

Hausawa suna da kayan kiɗa masu tsirkiya iri biyu: waɗanda ake gogawa, wato goge da ƙanuwarsa kukuma, da waɗanda ake kaɗawa da yatsa ko da ɗan abin kaɗawa, wato garaya da komo da gurmi da molo da kuntigi. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza ko ta damo, aka soka masa sanda, aka ɗaura masa tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, aka tokare ta da ɗan itace. Da izga ake goga shi, bayan an shafa mata ƙaro. Mai goge ba ya danne tsirkiya har ta taɓa sandar. Yatsunsa dafa ta kawai suke yi, kuma babu wata alama a jikin sandar da ke nuna masa inda zai dafa. Wannan ya sa sautin yana iya zamewa daga mataki zuwa mataki ba tare da yankewa ba, kamar muryar mutum. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin a kansa ne mafi yawan hujjarmu ta dogara.

Ba za a ce ba a yi rubutu a kan waɗannan kaya ba. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar tun farkon shekarun 1960, kamfanin Ocora ya fitar da su a faifai. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a ƙamus ɗinsu na 1971. Veit Erlmann ya yi aiki kan kiɗan bori a ƙasar Maraɗi (1982), Fremont Besmer ya yi kan na Kano (1983), dukansu sun nuna kowane iska yana da takensa da ake kiransa da shi. Mahaman Garba ya kare kundinsa kan kiɗan Hausawan Nijar a Strasbourg a 1992. Jacqueline Cogdell DjeDje ta fitar da littafi sukutum a 2008 kan goge tsakanin Fulani da Hausawa da Dagwamba. Sai dai kusan duk wannan aikin masana kiɗa da al'ada ne, kuma da harsunan waje aka yi shi. A ɓangaren masu nazari da Hausa, Sa'idu Muhammad Gusau bai manta da kiɗa da rauji ba a jagoransa na 1993, amma abin da ke isowa cikin kundayen ɗalibanmu bai wuce jumla ɗaya ba: wane da goge yake kiɗa, ko da gurmi. Daga nan sai a wuce ga jigo.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Tun zamanin jihadi malamai suka sa goge da molo cikin abubuwan ƙi, kamar yadda Erlmann ya bi diddigi a littafinsa na 1986, kuma har gobe goge bai rabu da sunan bori da gidan mata ba. Ɗalibin da ya rubuta kalmomi ya fitar da gargaɗi da nasiha a cikinsu yana jin ya tsarkake aikinsa. Sauraren tsirkiyar da kunnen basira kuwa kamar amincewa ne da ita.

2. Abin da gogen Falanko yake yi

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Kalmar wuya in ta fara sama ta sauka ƙasa sashen jiki ce, in ta fara ƙasa ta hau sama wahala ce. Gari mai gajeren wasali a gaɓar farko mazauni ne, mai dogon wasali kuwa na tuwo ne. Saboda haka duk jumlar Hausa tana zuwa da rabin karin waƙarta: hawa da sauka daga karin sauti, tsawo da gajarta daga nauyin gaɓa. Gero gaɓa biyu ce masu nauyi duka a sama, hatsi sassauƙa ce da nannauya duka a sama, dawa ta abinci nannauya biyu ce, ta farko sama ta biyu ƙasa. Abin kiɗan da zai iya hawa da sauka, ya kuma ja sauti ko ya datse shi, zai iya faɗin waɗannan kalmomi ba tare da baƙi ko wasali ba. Kowa ya yarda kalangu yana yin haka. Abin mamaki shi ne ba mu cika tambayar ko goge ma yana yi ba, alhali ya fi kalangu iya jan sauti.

A faifan Falanko mun lura da abubuwa da dama. Da farko gogen ne ke buɗe fili shi kaɗai, ba ƙwarya, ba murya, ba kuma wani bugu da za a iya tafa hannu a kansa. Yana kewaya sautuka kaɗan, ya hau, ya daɗe a sama, ya gangaro a hankali ya zauna kan sautin da zai zama gida a duk tsawon wasan. Sai da ƙwarya ta shigo aka sami ma'auni.

Bayan haka, a mafi yawan ɗiyan waƙar gogen ne ke fara faɗin layi, muryar ta biyo ta maimaita. Ɗalibin ya ɗauka murya ce ke jagora goge yana rakiya. In aka saurara da kyau za a ji akasin haka. Mun ɗauki layuka da dama muka sa musu alamar karin sauti da nauyin gaɓa, muka gwada da abin da tsirkiya ta yi kafin muryar. Nannauyar gaɓa tana samun dogon jan izga, sassauƙa tana samun gajere. Inda kalma ke da faɗau, yatsa yakan zame daga sama zuwa ƙasa cikin ja guda. Kuma layin gaba ɗaya yana gangarowa, ta yadda sama ta ƙarshen layi ba ta kai sama ta farkonsa ba, daidai da yadda murya ke gangarowa a jumlar Hausa ta bayani. Ba kowane layi ne ya bi wannan ba. A ƙarshen ɗa, inda dole a koma gida, karin waƙa yakan rinjayi karin harshe, gaɓar da ya kamata ta tsaya sama sai ta sauko. Wannan ba sabon abu ba ne: Paul Richards ya auna dangantakar karin sauti da karin waƙa a wata waƙar Hausa tun 1972 ya tarar daidaiton ba cikakke ba ne, William Leben ya sake duba batun a 1983, Bruce Hayes da Russell Schuh kuma suka nuna a 2019 yadda nauyin gaɓa ke shiga cikin ma'aunin rerawa. Amma dukansu murya suka auna. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne a wurare da yawa tsirkiyar ta fi muryar mai ita biyayya ga karin harshe. Tsohon muryarsa ta gaji, yakan daidaita abin da ya kamata ya hau. Yatsunsa ba su gaji ba.

Wuri na uku shi ne ya sa muka rubuta wannan maƙala. Wajen tsakiyar wasan, bayan an sha maimaita gindin waƙar har kowa ya riƙe shi, sai muryar ta yi shiru gogen ya ci gaba. Ya faɗi gindin sau biyu yadda aka san shi, a na uku ya sauya ƙarshensa, ya ƙara gaɓoɓi. Nan take aka ji mata sun fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. A kundin, abin da ke wannan wuri shi ne kalmar kiɗa, sannan ɗa na gaba. Da muka tambayi ɗalibin dalilin dariyar, sai ya ce ai kowa a wurin ya gane: habaici ne ga wani dangin ango da ya zo hannu rabbana, gogen ya kira laƙabinsa ya haɗa da wata magana da aka san shi da ita a ƙauyen. Shi kansa ɗalibin ya ji, ya gane, ya yi dariya, amma bai rubuta ba, domin ba a faɗa da baki ba, mu kuwa mun koya masa matani shi ne abin da baki ya faɗa.

A duba hikimar abin. Zambon da aka yi da baki ana iya kai ƙararsa wajen mai gari. Wanda aka yi da tsirkiya ba shi da shaida: mai goge zai ce shi kiɗa kawai ya yi, wanda ya ji magana a ciki shi ya sa ta. Makaɗin ya raba aikinsa gida biyu da gangan, yabo a baki, suka a tsirkiya. Manazarcin da ya karanta kundin zai ce jigon wasan yabo ne tsantsa. Mutanen da suka kwana a wurin sun san ba haka ba ne.

Akwai sashe na huɗu, kusa da ƙarshe, wanda ba magana a cikinsa ko kaɗan. Gogen ya haura can sama inda sautin ke sirancewa, ya yi ta kaɗa yatsa yana ƙawata sauti guda, ƙwarya ta rage ƙarfi. An tambayi tsohon daga baya me yake cewa a nan, ya ce ba ya cewa komai, maƙogwaro yake hutarwa. A ganinmu nan ne ya fi nuna gwanintarsa. Wanda ya saba jin imzad, gogen da matan Abzinawa ke gogawa, zai ji kamanni a yadda ake jan sauti da yadda ake ƙawata shi. Damargu dai mahaɗa ce tun zamanin ayarin da ke bi daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani suna cin kasuwa ɗaya. François Borel ya yi rubutu kan anzad na Nijar a 1989, hukumar UNESCO kuma ta sa imzad cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Amma kamanni ba hujjar aro ba ne, faifai guda kuma ba ya isa a gina tarihi a kansa.

Hukuncinmu kan wannan makaɗi shi ne: in da kalmomi za a auna shi, matsakaicin mawaƙi ne. Kirarinsa na kowa ne, irin wanda za a ji daga Tanut har Tasawa, ba shi da wani sabon zance. In kuwa da tsirkiya za a auna shi, gwani ne wanda ya san inda zai bi harshe, da inda zai yi magana a madadinsa, da inda zai rabu da shi. Kundin ya yanke hukunci na farko ne kawai, kuma bisa abin da ke kan takarda bai yi kuskure ba.

3. Waɗanda suka yi suna

Kada a ce wannan ya tsaya ga makaɗin ƙauye. Adamu Ɗan Maraya Jos (1946 zuwa 2015) yana cikin makaɗan da aka fi rubuta kundaye a kansu, kuma kusan dukansu kan jigoginsa ne: talaka da mai akwai, zaman aure, karen mota, halin ɗan Adam. An mai da shi malamin tarbiyya mai riƙe da wani ɗan gwangwani. Amma kuntigi ba ado ba ne a hannunsa. Abu ne mai tsirkiya guda, sautinsa siriri ne mai saurin mutuwa, ba a iya jansa kamar na goge, don haka dole a yi ta kaɗawa ba tsayawa. Wannan ya ba Ɗan Maraya wani gajeren zagaye mai sauri wanda ba ya sauyawa sosai, shi kuma ya zuba gajerun layuka a kansa kamar mai hira. Da yake ba shi da ƴan amshi, kuntigin ne ke amsa masa: ya faɗi layi, ya bar gurbi, tsirkiya ta cike. In yana kwaikwayon mutum biyu suna cacar baki, wannan gurbin ne ke raba muryoyin. Cire shi, sai layukan su zama jerin nasihohi marasa gishiri, kuma haka suke fitowa a kundaye. Wanda bai taɓa jin faifan ba zai yi mamakin abin da ya sa mutane suka so shi.

Haka abin yake ga Haruna Uji da gurminsa, da masu kukuma tun daga Ibrahim Na Habu har zuwa Garba Supa da Hassan Wayam, waɗanda suka haɗa ta da kalangu suka mai da ita kiɗan rawar birni.

Malam Maman Barka, ɗan Taskar a nan jihar Damagaram, wanda ya rasu a 2018, lamarinsa dabam ne, domin shi ya san tsirkiya abar nazari ce. Malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi, ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, sannan a 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi tabkin Cadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, a hannun Bukar Tar. Faifan da ya fitar a Ingila a 2009 tare da makaɗin ganga Umaru Adamu shi ne abin da duniya ta sani na biram. Muna girmama wannan aiki, amma ba za mu ɓoye abin da ya dame mu a cikinsa ba. Biram muryarsa ƙasa-ƙasa ce, daɗinsa yana cikin ƙananan sauye-sauye da ake yi wa zagaye guda. A faifan, ganga takan zo gaba ta ba shi bugun da kunnen baƙo zai kama da sauri, tsirkiyar ta koma baya. Wuraren da muka fi so su ne inda aka bar biram da murya su kaɗai, kuma ba su da yawa. An ceci abin kiɗan, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma an gabatar da shi da tufafin da kasuwa ta ɗinka masa.

4. Abin da za a koya daga Hangare, da wanda ba za a koya ba

Mai karatu na iya tambaya me ya haɗa Damargu da wata ƙasa ta tsakiyar Turai. Dalili biyu ne. Na farko, Hangare ƙasa ce mai harshen da maƙwabtanta ba sa ji, wadda manyan mawallafan kiɗanta suka fara daga waƙar ƙauye da karin harshensu. Na biyu, a can ne muka ga an ɗauki tsirkiya guda da muhimmancin da muke nema wa goge.

Béla Bartók da Zoltán Kodály sun fara yawon ƙauyuka da na'urar naɗar murya wajen 1905 da 1906. Sun lura tsofaffin waƙoƙin manoma iri biyu ne: masu tsayayyen ma'auni na rawa, da masu bin numfashin magana, waɗanda Bartók ya kira parlando rubato. Harshen Hangare yana da dogo da gajeren wasali kamar Hausa, kuma kullum gaɓar farko ce ke ɗaukar ƙarfi, abin da ke haifar da gajeren sauti mai ƙarfi da dogo a bayansa. Wannan tsari ya shiga kiɗan da suka rubuta wa kayan tsirkiya ba tare da murya ba: sonatar Kodály ta 1915 ta babban goge mai suna biyolonsel shi kaɗai, da ayyuka shida na Bartók na rukunin masu goge huɗu, da sonatarsa ta 1944 ta biyolon shi kaɗai. Bartók ma ya ƙetaro Afirka: a 1913 ya naɗi makaɗan yankin Biskra na Aljeriya, a bakin Sahara ta arewa, kuma ana jin tasirin abin a aikinsa na biyu na masu goge huɗu.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne György Ligeti (1923 zuwa 2006). Tsakanin 1991 da 1994 ya rubuta sonata mai sassa shida wa alto, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ya ɗan fi biyolon girma. Sashen farko, mai suna Hora lungă, daga farko har ƙarshe a kan tsirkiya guda ake goga shi, wadda ta fi kauri. Ba shi da tsayayyen bugu. Wasu sautukansa an karkatar da su da gangan daga matakan fiyano. Yana farawa ƙasa, ya yi ta hawa har sautin ya sirance ya ɓace. Sunan na wani salon rerawa ne na ƙauyukan Maramuresh a Rumaniya, wanda Bartók ya naɗa ya kuma ce ya ji irinsa a Aljeriya. Mun fara jin wannan sashe lokacin da muke karatu a Faransa, kuma abin da ya zo mana a rai shi ne buɗe filin mai goge kafin ƙwarya ta shigo. György Kurtág, wanda aka haifa a 1926, ya yi wani abu makamancin haka ta wata fuska: aikinsa na 1985 zuwa 1987 kan gutsattsarin rubutun Kafka guntaye 40 ne na murya guda da biyolon guda, inda tsirkiya wani lokaci take bin muryar, wani lokaci ta yi mata gardama ko ba'a.

Ba muna cewa goge ya sami daraja don wani Bature ya yi abin da ya yi kama da shi ba. Abin lura shi ne yadda ake sharhin waɗannan ayyuka. Babu mai sharhin da zai buga kalmomin Kafka ya rubuta kiɗa a tsakaninsu ya ce ya nazarci Kurtág. Ana tattauna kowane sauti, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan tsirkiya ba waccan ba. Bambancin da ke tsakanin Hora lungă da buɗe filin tsohon Falanko ba ya cikin yawan tunanin da aka zuba. Ɗaya yana da takarda da sunan mawallafi da masu sharhi, ɗayan kuwa kalma guda ya samu cikin baka.

Akwai kuma abin da bai kamata mu ɗauko ba. A hanyar Bartók, manomi mai waƙa ma'adini ne, mawallafin birni ne ke fitar da aikin da ake sa wa suna. Shi kansa Ligeti ya amfana da kiɗan Afirka ta Tsakiya da Simha Arom ya naɗa, har ya rubuta wa fassarar littafinsa ta 1991 gabatarwa, amma sunan Ligeti ne ke kan ayyukan. Mukan ji masu cewa a gyara goge, a daidaita shi da fiyano, a ƙara masa tsirkiya, a tara goma su yi kiɗa tare don ya shiga zamani. Wannan zai kashe ainihin abin da muka bayyana a sama, domin gogen da aka ɗaure a matakan fiyano ba zai iya zamewar faɗau ba, goma kuma ba za su iya yin habaici guda a lokacin da ya dace ba. Mai goge shi ne mawallafi, shi ne mai gogawa, a cikin dare guda. Masu sharhi ne ya rasa.

5. Yadda za a rubuta

Ba sai ɗalibi ya iya rubutun kiɗan Turawa ba, wanda ma bai dace da goge ba. Abin da muke ba da shawara shi ne a riƙa rubuta kowane layi hawa uku. Hawa na farko kalmomi. Na biyu karin sauti da nauyin kowace gaɓa, abin da duk ɗalibin shekara ta biyu ya iya. Na uku abin da tsirkiya ta yi: a ba sautukanta lambobi daga na gida zuwa sama, a ja layi inda aka ja sauti, a sa kibiya inda aka zame. Inda murya ta yi shiru, hawa na farko ya zama fanko amma na uku ya ci gaba, sannan a koma wa makaɗin da mutum biyu ko uku da suka halarta a tambaye su, kowa dabam, ko akwai magana a wurin da kuma mece ce. In amsoshinsu sun zo ɗaya, a rubuta ta a hawa na farko da wata alama da ke nuna tsirkiya ce ta faɗa. In sun saɓa, a rubuta saɓanin.

Tun da goge sauti guda yake fitarwa a lokaci guda, manhajar Praat da muke auna karin magana da ita tana iya zana hawa da saukarsa, kuma kyauta ce. Mun gwada da faifan Falanko. Ta yi aiki sosai a buɗe fili, amma da ƙwarya ta shigo sai zanen ya wargaje, domin da wayar salula guda aka naɗi komai, kuma tana ajiye kusa da masu ƙwarya. Wanda zai koma ya tafi da na'ura biyu, ya sa ɗaya dab da bakin gogen. Ya kuma nemi makaɗin ya sake goga masa ɗiyan da rana, shi kaɗai, sau ɗaya da murya sau ɗaya ba murya, ya biya shi ladan wannan zama dabam da na biki.

Ya kamata a yi wannan da wuri. Ɗalibin ya shaida mana a bukukuwan ƙauyukansu yanzu an fi ɗauko lasifika a sa waƙoƙin fiyano na Kano ko gitar Abzinawa, tsohon kuma ba shi da yaro mai koyo. Mun mayar masa da kundin, muka nemi ya koma Falanko bayan damina ya cike wuraren da ya rubuta kiɗa.